Muryar Dada a Kwamfutar Malam

Na ɓata wa mutane abubuwa a wannan sana'a ta gyaran kwamfuta, ba zan yi musu ba. Na taɓa ƙona wa wani ɗan kasuwar hatsi allon kwamfutarsa saboda gaggawa. Na taɓa goge wa wata ɗaliba babi guda na aikinta na kammala karatu, ta zauna a bakin shagona ta sha kuka har maƙwabta suka taru. Duk waɗannan an gyara, ko an sake, ko an manta. Ɓarna ɗaya ce ba ta gyaru ba, kuma ita ce har yau ban daina tunawa da ita ba.

Shagona yana kan hanyar kasuwa a nan Mubi, tsakanin mai sayar da takin zamani da wani tela ɗan Michika da rediyonsa ba ya hutawa. Kakana fatauci ne ya kawo shi daga Katsina ya zauna, ni kuwa ban gaji kasuwancinsa ba, bakinsa kawai na gada. Gyara nake yi da buga takardu, amma a shekarun da nake ba da labari abin da ya fito da ni shi ne kwalliya. A bakinmu masu gyara sunanta tim, wato adon fuskar kwamfuta gaba ɗaya: hoton da ke bango, launin tagogi, siffar ƴar kibiyar da ke yawo a allo, da ƙarar da take yi idan an kunna ta.

Ina da filas guda, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, cike da su. Akwai Ka'aba, akwai furanni, akwai motocin da babu mai irinsu a garin nan, akwai ƙungiyoyin ƙwallo. Mutum zai kawo kwamfuta tana tari kamar tsohuwar akuya, ka wuni kana fama da cikinta, ba zai tambaye ka abin da ka canja ba. Amma ya kunna ya ga Ka'aba ta cika allo, kibiya ta koma takobi, sai ka ji ya ce lallai yaron nan ya iya aiki. Kowane tim fayil ɗaya ne a filas ɗina. Ka danna shi sau biyu, hoto da launi da ƙara duk su hau wurarensu. Shekaru na yi ina yin haka, ban taɓa zama na tambayi kaina me ke cikin fayil ɗin ba, tunda dai yana aiki kuma ana yaba mini.

Malam shi ne hedimastanmu a firamare. Mutumin Duvu ne, dogo, siriri, mai tafiya kamar yana auna ƙasa. Ya zane ni ba sau ɗaya ba a kan munin rubutuna, shi ya sa nake tsokanarsa cewa shi ya kora ni wurin injin da ba ya buƙatar alƙalami. Da ya yi ritaya sai ya koma gida yana noman masara da gyaɗa, ya kuma ɗauko wani aiki da ba wanda ya sa shi: rubuta tarihin ƙauyukan yankinsu, wa ya fara sarar daji a ina, wace zuriya ta sauko daga kan dutse, a wane mayo, wato rafi, ake ɗibar ruwa kafin a haƙa rijiya. Ƴarsa da ke aikin asibiti a Yola ta saya masa kwamfutar tebur ta hannu da ƙaramar sola, aka ce ni zan je in haɗa masa.

Matarsa kowa Dada yake ce mata, har shi. Gajeriya ce, mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Tana da yarenta na gida, Fulatanci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa tana yin ta yadda ta ga dama, kuma babu wanda ya isa ya gyara mata, har hedimasta. Tun ranar da aka sauke kwamfutar daga bayan babur ta sa mata ido. Ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba, akwatin Malam take cewa.

Ran nan da na je, mun kai azahar muna fama. Malam yana son ya riƙa ɗaukar maganar tsofaffi, don haka na haɗa masa ƙaramin makirfo, na danna ɗauka, na ce ya yi magana mu gwada. Ya gyara zama, ya gyara murya kamar zai yi wa ɗalibai jawabin safe. Kafin ya buɗe baki sai ga muryar Dada daga tsakar gida:

"Malam! Ka zo mana, miya ya yi sanyi. Wannan akwati naka ba zai gudu ba!"

Sai ƙarar murfin kwano, sai dariyarta, don ta san muna jin ta. Na tsayar da ɗauka na kunna mana. Malam ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ni kuma shaiɗancin ƙuruciya ya motsa, na yanke wurin, na sa shi ya zama ƙarar da kwamfutar za ta riƙa yi duk lokacin da aka kunna ta. Na ɗauki hoton Dada da waya tana tsaye gaban rumbu da ludayi a hannu, na sa shi a bango. Da aka kira ta ta gani, ta riƙe haɓa.

"Kai yaron nan, ka sa ni cikin akwati? Cire ni!"

"A bar ki a nan," in ji Malam. "Ko ba komai zan riƙa cin abinci a kan lokaci."

Akwai abin da na yi a ranar wanda ban ɗauke shi komai ba. Ni mutum ne mai son tsari, ba na son ganin fayiloli barbaje a fuskar kwamfuta. Sai na ɗauke fayil ɗin muryar na kai shi can cikin foldar da kwamfutar ke ajiye ƙararrakinta na asali, tare da sauran, na goge wanda ke waje. Na ji daɗin kaina, na ce aiki ya yi tsaf. Muka fita muka ci tuwon masara da miyar da ba ta ma yi sanyi ba.

Bayan haka aka yi shekarar da ƴan tada ƙayar baya suka shigo, muka watse daga garin nan. Ba zan tsaya a kanta ba, duk ɗan Mubi yana da nasa labarin kuma ba kowa ke son a tono masa ba. Da muka dawo na tarar da shagona wayam, ko wayar caji ba a bar mini ba. Kwamfutar Malam kuwa ta tsira, don kafin su fita Dada da kanta ta naɗe ta da zanenta ta tura ta ƙarƙashin dawa a cikin rumbu. Ita da ke zagin akwatin, ita ta ɓoye shi.

Damina biyu bayan dawowarmu Dada ta rasu. Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Na je gaisuwa, na tarar da Malam zaune a kan tabarma yana karɓar mutane yadda ya saba yin komai, a tsare, ba hawaye. Daga baya ne ƴarsa ta gaya mini abin da yake yi. Kullum idan ya dawo daga masallaci da safe, kafin ya ɗauki fartanya, sai ya shiga ɗaki ya kunna kwamfutar. Ba rubutu yake yi ba. Zai zauna har ta gama buɗewa, Dada ta kira shi cin abinci, ta yi dariyarta, sannan ya kashe ya tafi gona. Ta ce da farko abin yana ba ta tsoro, daga baya ta ga shi ne ke riƙe da shi, sai ta ƙyale.

Haka aka yi shekara biyu. Sai wani ya kawo masa takarda a filas, filas ɗin kuwa da bairos a ciki, cutar nan ta kwamfuta. Kwamfutar ta fara nauyi, foldoji suna ɓacewa suna dawowa, wani lokaci ta yi rabin awa ba ta buɗe ba. Ranar kasuwar shanu ya ɗauro ta a bayan babur ya kawo mini. Lokacin kuwa ɗalibai na ta kawo aikin kammala karatu, shago cike, injin buga takarda ya yi zafi, ni ma kaina ya yi zafi.

Na duba ta a tsaitsaye na ce, "Baba, sai an yi mata fomat."

"Wato me?"

"A wanke ta tas, a zuba mata sabon tsari. Amma kafin nan zan kwashe duk abin da ke ciki in ajiye, in mayar maka."

Ya kalle ta. Sannan ya ce, "Rubutun tarihin nan, idan ya ɓace, ina da shi a littattafaina, zan sake. Muryar Dada fa?"

"Tana cikin tim, Baba. Fayil ɗaya ne, zan ajiye shi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya tafi sallar azahar ya dawo, ya sake tsayawa a bakin ƙofa. "Injiniya," haka yake kirana idan yana son ya tsokane ni, "na ce muryar nan."

Wallahi sai na ji haushi. Ga mutane suna jirana, ga tsoho yana maimaita mini magana ɗaya kamar ban san aikina ba. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba na ce, "Haba Baba, kai ka koya mini karatu, amma wannan fannina ne. Ka je ka huta, jibi ka aiko a ɗauka." Ya ɗaga hannu ya ce to, Allah ya yi albarka, ya hau babur ɗinsa. Wannan maganar tawa ita ce ta fi ci mini rai a duk labarin, don da bakina na hana shi tambaya ta uku.

Washegari da safe na zauna kanta. Na kwashe takardunsa duka, babi-babi, na kwashe muryoyin tsofaffin da ya ɗauka, waɗanda ke foldar da ya buɗe musu. Na zo kan tim. A wurin ajiyewa zaɓi biyu ne, ɗaya kusa da ɗaya: a ajiye kawai, ko a ajiye don rabawa. Na ce ai ba raba wa kowa zan yi ba, na danna na farko. Na bi na nemo fayil ɗin na kwafe shi a filas. Idona ya gani sarai cewa nauyinsa bai wuce kilobait uku ba. Duk wanda ya yi wata ɗaya a sana'ar nan ya san murya da hoto ba za su shiga kilobait uku ba. Na gani, ban tsaya na yi tunani ba, wata ɗaliba tana tsaye a kaina tana cewa malaminsu zai bar ofis. Na danna fomat.

Ban tsaya nan ba. Mu masu gyara a garin nan muna da al'ada, ba ma mayar wa mutum kwamfuta wayam. Kamar yadda mai awo ke ƙara maka gyara a kan mudu, haka muke zuba wa mutum abin saurare. Matashi a zuba masa waƙoƙi da finafinai, dattijo a zuba masa karatu. Da yake Malam ne, kuma ina jin nauyin yadda na yi masa magana jiya, sai na ce bari in kyautata masa. Na zuba masa Alƙur'ani cikakke na makaranta har huɗu, na zuba tafsirin azumi na shekaru, na ƙara da wa'azozi da Fulatanci da na san yana so. Faifan ajiyar da ke cikinta ƙarami ne, na cika shi har wuya. Na mayar da takardunsa. Abu na ƙarshe, na danna tim ɗin sau biyu, ina murmushi.

Launin tagogi ya koma kore kamar yadda yake a da. Bango ya zama baƙi ƙirin, babu Dada babu rumbu. Na ce wataƙila sai an sake kunnawa. Na kashe na kunna, na ƙara lasifika. Ta gama buɗewa, sai ƙarar nan ta kamfani, wadda kowace kwamfuta ke yi.

Na buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu, abin da ban taɓa yi ba a duk shekaruna na cika baki. Babu komai a ciki sai layuka na rubutu. Layi ɗaya yana cewa launin taga kaza ne. Wani yana cewa hoton bango yana folda kaza. Can ƙasa na ga layin muryar: sunan faifai, sunan folda, sunan wata foldar, sannan sunan da na ba fayil ɗin da hannuna shekarun baya. Kwatance ne kawai, irin wanda za ka yi wa baƙo, ka bi nan ka karya nan za ka ga gidan. Gidan kuwa na rushe shi da safe.

A ranar na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Waɗanda ke cikin filas ɗina, masu Ka'aba da motoci, sunansu yana ƙarewa da .themepack, wasu sababbi da .deskthemepack. Su ƙunshi ne, an ɗaure hoto da ƙara da komai a cikinsu, shi ya sa duk inda ka kai su suke buɗewa. Wanda na ajiye wa Malam sunansa yana ƙarewa da .theme kawai, shi kuwa ba ya ɗauke da komai, nuni kawai yake yi. Da na danna zaɓi na biyu, na rabawa, da ƙunshi zai ba ni. Da ma ban danna komai ba, na tuna inda na kai muryar na je na kwafo ta, da ko minti ɗaya ba zai ci ba. Amma foldar ƙararrakin kwamfuta ba wurin da mai gyara ke dubawa ba ne idan yana kwashe kayan mutum, don ba a ajiye kayan mutum a can. Ni kaɗai ne a duniya na san akwai wani abu a wurin, kuma na manta.

Na kori ɗaliban da ke shagon, na ce injin ya lalace. Na cire faifan na haɗa shi da tawa kwamfutar, na sa manhajar da ke tono abin da aka goge. Akan dace da ita idan fomat kawai aka yi, don abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa. Kwana uku tana tono. Ta fito da tsofaffin wasiƙu rabi-rabi, da hotunan da suka yage, da wasu ƙararraki na kamfani. Kowane fayil na sauti da ta fito da shi na saurara, ɗaya bayan ɗaya, har kunnena ya yi zafi. Babu Dada. Kyautar da na zuba har wuya ta hau kan wurin da take.

Na kira ƴarsa a Yola. Hoton tana da shi, don ta taɓa ɗaukar allon da wayarta, ta turo mini. Muryar kuwa ta ce ba ta da ita. Ta ce Dada ba ta yarda a ɗauke ta, ko a waya idan ta gama abin da za ta faɗa kashewa take yi. Sannan ta ce, "Yaya, kai za ka gaya masa. Ni ba zan iya ba."

Ba zan ɓoye ba, na yi niyyar ƙarya. A sana'armu bairos shi ne mai ɗaukar laifin kowa. Ka ce bairos ya cinye, babu mai musu, har a tausaya maka. Na shirya maganar tsaf a raina. Na ɗaure kwamfutar a bayan babur na kama hanyar Duvu da hantsi, ina maimaita ta. Masara ta yi kai a gonaki, mata suna tafe da kaya a gefen hanya, mayo ya kawo ruwa sai da na sauka na tura babur. Ban taɓa jin hanyar ta yi mini gajarta kamar ranar ba.

Na same shi ya dawo daga gona yana wanke ƙafa. Ya yi murna, ya ce ai da na bari ya aiko. Na shiga ɗakin na haɗa wayoyi, shi yana tsaye a bayana. Nan ma na yi rashin ta ido irin na matsoraci: ban ce masa komai ba, na danna na kunna, na bar injin ya faɗa masa. Ya jawo kujerarsa ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Hoton ya fito, Dada da ludayinta, ɗan dishi-dishi saboda daga waya aka ɗauko. Sai ƙarar kamfani.

Bai motsa ba. Ya ci gaba da jira, kamar wanda ya san wani lokaci takan makara. Ni ina tsaye ina jin kaza tana ƙorafi a tsakar gida. Na fasa ƙaryar da na shirya. Mutumin da ya tambaye ni sau biyu, na ce masa fannina ne, ba zan iya kallon ƙeyarsa in ce bairos ba.

Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka ɓarna. Muryar ta tafi, kuma ni na goge ta."

Ya juyo a hankali. "Ba ka ajiye ba?"

"Na ajiye abin da na ɗauka ita ce."

Ya ce in nuna masa. Na buɗe fayil ɗin, na nuna masa layin. Ya sa tabarau, ya matso, ya bi shi da yatsa harafi-harafi yadda yake duba rubutunmu a aji. Na yi masa bayanin komai, har da tonon kwana uku, har da karatun da na zuba wanda ya hau kan wurin. Ina magana ina jiran ya ɗaga murya. Da ya zage ni, ko ya kore ni daga gidan, da na samu sauƙi.

Ya cire tabarau ya ninke. Ya ce, "Karatun Alƙur'ani ne ya hau kanta?"

Na ce e.

"To, ba a rufe ta da mugun abu ba." Sannan ya ce, "Tashi, ɗana. Wanda ya halicci mai muryar ma ya karɓi abarsa, balle wannan."

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya raka ni har bakin hanya, ya ce in gaishe da mutanen gida. Na hau babur, na yi nisa kaɗan na tsaya a gindin wata bishiya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Baƙin cikina har da haushi, haushin kaina da haushin haƙurinsa, don ya bar ni da kayana ban sauke ko kaɗan ba.

Tun daga ranar na canja yadda nake aiki. Ba na yi wa kowa fomat sai na kwafe faifan gaba ɗaya, ko da zai ci wuni, ko da mai ita yana tsaye yana tsaki. Ba na zuba wa kowa kyauta sai ya zo ya duba kayansa da idonsa ya ce sun cika. Abokan sana'a suna mini dariya, wai na zama tsoho da wuri. Duk wannan ya amfani wasu mutane, bai mayar wa Malam komai ba.

Bayan an gama girbi ya zo shagon, ba tare da kwamfuta ba. Ya rame. Ya zauna a kan bencin da ɗalibai ke zama, muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi gyaɗa. Tela ya rage rediyonsa don girmamawa. Na ga dai akwai magana a bakinsa, sai na ajiye abin da nake yi na dawo kusa da shi.

Ya ce, "Ba ƙorafi na zo yi ba, kada ka damu. Wani abu ne yake damuna, na ga ba wanda zan gaya wa sai kai." Ya kalli hanya. "Shekara biyu ina jin ta kullum da safe. Da yake na san tana nan a ciki, sai ban riƙe ta a kaina ba. Na bar wa akwati ajiya. Yanzu idan na zauna na ce bari in ji ta, ba ta zuwa. Fuskarta tana zuwa, tafiyarta tana zuwa. Muryar ce babu. Shekara arba'in da wani abu tana kirana, injiniya, kuma na kasa tuna yadda take."

Ya juyo ya dube ni.

"Kai ka ji ta sau da yawa. Ko kai ka riƙe?"

Na ce, "Na riƙe, Baba. Cewa ta yi, Malam, ka zo mana, miya ya yi sanyi, wannan akwati naka..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. "Kalmomin ina da su, ɗana. Muryar nake tambaya."

Na rufe ido na nema da gaske. Na ga ɗakin, na ga makirfo, na ga shi yana share hawayen dariya. Abin da na ji a kaina muryata ce kawai tana faɗin kalmominta. Na buɗe ido na girgiza kai.

Ya ce, "To." Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara hularsa. Har ya kai bakin ƙofa ya tsaya.

"Ranar da ka samu sarari, ka zo ka cire mini wannan ƙarar ta kamfani. Duk safiya idan ta yi, sai in ji kamar wani ne ya amsa a madadinta. Gara ta buɗe shiru."

Na je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na cire masa. Aikin bai kai minti ɗaya ba.